Tantin Tumatir da Ruwan Wankin Allo

Har yau idan na bi ta gefen kwata a ƙarshen damina, hancina ya ɗauko wannan warin na laka mai tsami, sai in ƙara sauri. Shekara uku ke nan ko huɗu, na daina ƙirgawa, amma hancina bai yafe min ba.

Ni ne ɗan bokon gidanmu. Ina koyarwa a wata sakandare wajen Kumbotso, kullum in hau babur bayan asuba, in dawo dab da magariba. Yayana shi ne manomin. Gonarsa tana bakin kanal ɗin ruwan noman rani a kan hanyar Kadawa, kuma abin da aka san shi da shi dashen farko ne. Yakan reni irin tumatir tun damina ba ta ɗauke ba, a kan tudun da ya tayar, ƙarƙashin rumfar ciyawa, ya dasa kafin kowa ya motsa. Ruwan sama kan buge rabin renon kowace shekara, amma abin da ya rage yakan ishe shi har ya bar wa maƙwabta su tsinta. Tun ina yaro ban taɓa ganin Yaya ya tsuguna a renon wani ba, mutane ne suke zuwa nasa.

Wannan rabin da ruwa ke bugewa shi ya tsaya min a rai, kamar ni aka ɗora wa gyaran duniya. A waya na fara ganin tantin: wata baƙar jaka ce a tsaye kamar kabad ɗin kaya, da zif a gaba, cikinta yana ƙyalli, ga fitilu ga 'yar fanka. Na nemo babba na kafa shi a tsohon ɗakin ajiya, kusa da ɗakin Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu da ke zaune tare da mu. Kafinta ya haɗa min kanta mai hawa huɗu a ciki. Na ɗora faifan sola a rufi, sai na ga tsohuwar bishiyar lemon tsakar gida tana yi masa inuwa da hantsi. Na sa aka sare ta, da ma saiwarta ta fara tayar da simintin da muka malala a tsakar gidan. Ban tambayi kowa ba.

Sannan na kira Yaya.

"Yaya, bana ka huta da rumfa," na ce masa. "Ka ba ni irin, nan da kwana ashirin da biyar in ba ka dashe, ko ɗaya ba zai mutu ba."

Ya leƙa ciki, ya shafa bangon tantin da bayan hannu.

"A cikin jakar nan? Babu rana, babu iska?"

Na kunna fitila na ce ga rana. Na kunna fanka na ce ga iska. Ya yi dariya har sai da ya dafa ƙofa.

"To, malamin makaranta," ya ce. "Allah Ya sa a dace."

Washegari ya kawo gwangwanin iri ko buɗe shi bai yi ba. Shi ke nan irin da ya tanada na shekarar, kuma bai tayar da tudu ba, bai kafa rumfa ba. Ya tafi ya kama gyaran gona, ya bar min sauran.

Na shuka irin a farantan roba masu ƙananan ramuka, kowane rami ƙwaya ɗaya, a cikin garin ɓawon kwakwa da na gauraya da taki. Don kada ruwa ya ɗiga a kan fitilar hawan ƙasa, sai na sa kowane faranti a cikin wani tire mai faɗi marar huji. Da na gama na tsaya ina kallon dabarata, ina jin babu mai kai irin nawa daga Kura har Bunkure.

Makon farko kam ba laifi. Suka fito reras, kore shar, layi-layi kamar 'yan makaranta a taron safe. Na ɗauki hoto ya fi sau hamsin. Duk wanda ya zo gaishe ni sai na ja shi ya ga tanti, ko yana so ko ba ya so.

A cikin mako na biyu na dawo wata rana na zuge zif, na ga ganyen hawan ƙasa sun sunkuyar da kai. Ban ko tsaya tunani ba. Mu 'ya'yan noman rani abu ɗaya muka sani game da ganyen da ya yi yaushi: ƙishi yake ji. Haka muka tashi muka gani, shuka ta lanƙwashe da azahar, a saki ruwa a kwami, kafin la'asar sakaliya ta miƙe. Ban taɓa jin wani a ƙauyenmu ya yi kukan ruwa ya yi wa tumatir yawa ba, kukan kullum shi ne mai gonar da ke sama ya tare ruwa bai iso ba. Na ɗauko buta na shayar da su sosai. Da asuba na duba, suna nan yadda na bar su, sai na ƙara musu. Da ma safe da yamma nake ba su, yanzu na koma cika butar har baki.

Kwana uku, yaushin ya hau hawa na biyu. Ganyen ƙasa-ƙasa suka fara rawaya. Wata gansakuka mai santsi ta rufe saman ƙasar, kuma duk lokacin da na zuge zif sai wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe su taso min a fuska. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya faɗa min a baki ina cikin bismillah. Na tofar, na kurkure baki sau uku, amma har na kwanta ina jin kamar yana maƙogwarona.

Sai warin ya fara. Da farko kaɗan-kaɗan, kamar tsumman wanke-wanke da aka manta a kwano. Daga baya ya zama wani abu tsakanin tsamin kamu da ya kwana uku da ɗoyin kwata. Fankar nan da nake alfahari da ita sai ta zama ita ke kwaso shi tana watsa min. Yana kama riga. Wata safiya a aji na ga 'yan layin gaba suna kallon juna suna taɓa hanci, na tabbata da ni suke.

Na tura hoto a zauren manoma na waya, kuma na yi nadama. Wani ya ce rashin taki ne. Wani ya ce taki ne ya yi yawa. Wani ya ce irin jabu aka sayar mana. Wani ya turo murya ta minti tara, ya fara da tarihin yadda ya shiga noma, har ya gama bai zo kan tumatirina ba. Wani kuma ya ce baki ne, wa ya ce in riƙa nuna wa mutane. Babu ko ɗaya da ya tambaye ni ko na sa yatsa a cikin ƙasar. Ni ma da nake zaginsu a raina ban sa ba, ƙyama nake ji. Na ɗaga fitila, na sauke fitila, na fesa magani, na zargi mai tantin, na zargi kafinta. Da na lura hawan sama da dama-dama, sai na yanke hukunci cewa zafi ne ke taruwa a ƙasa, alhali ni da bakina nake koya wa yara cewa zafi sama yake tashi.

Duk wannan ban gaya wa Yaya ba. In ya tambaya sai in ce suna nan lafiya. Shi kuwa ya gama kaftu, ya ja kunya, ya zuba takin gargajiya, har ya faɗa wa matan da ke yi masa dashe ranar da za su zo.

Ranar wata Juma'a, saura mako ɗaya dashe, ya biyo ni daga masallaci ya ce bari ya ga 'ya'yansa. Na rasa ƙaryar da zan yi. Muna isa ƙofar ɗakin, ban ma taɓa zif ba, ya tsaya cak ya ɗaga hanci.

"Ruwa ya kwanta a nan," ya ce.

"Yaya, ai yaushi suke yi. Ƙishi..."

"Buɗe."

Na buɗe. Ƙudajen suka taso, bai ko kaɗa hannu ba. Ya naɗe hannun rigarsa ta Juma'a ya tsuguna. Ya kama ganye ɗaya ya murza a hankali tsakanin yatsu biyu, ya ce in taɓa. Ganyen a sunkuye yake, amma da kauri, da sanyi, cike da ruwa.

"Mai ƙishi laushi yake kamar tsumma, gefensa ya bushe," ya ce. "Kuma in ka ba shi ruwa zai tashi. Wannan da ka ba shi ya tashi?"

Na ce bai tashi ba.

"Da asuba ma haka kake samun sa?"

Na ce haka.

"To wace rana ce ta buge shi cikin dare da zai wayi gari da ƙishi?"

Ya ɗaga faranti ɗaya ya miƙo min, na ji shi da nauyi kamar bulo. Ya tura yatsa a rami, ruwa ya tsatso ta gefe. Sannan ya kama tsiro ɗaya ya ja, ya fito salin-alin, babu wata gardama. Gindin karan ya tsuke ya yi baƙi kamar an ɗaure shi da zare. Saiwar da ya kamata ta zama fara tas mai gashi-gashi ta koma ruwan ƙasa, tana yauƙi. Ya ja ta da farce, fatar ta zame ta bar wani siririn zare. Ya kawo min ita saitin hanci. Wallahi sai da na fita tsakar gida na dafa bango.

Da na dawo na same shi yana kallon tiren da ke ƙarƙashin farantin. Ruwa ne kwance a ciki kusan rabin yatsa, da wata fata-fata a samansa. Abin da ya tsayar da shi launin ruwan ne, don baƙi ne, ba irin baƙin laka ba. Ya tsoma yatsa ya murza, ya ga yana danƙo. Ya sansana, ya sake sansanawa.

"Ƙaro," ya ce. "Wannan tawada ce."

Muka dubi juna, sannan muka dubi bangon da ya raba mu da ɗakin Gwaggo.

Gwaggo tana koyar da matan aure karatun allo a gidanmu tun kafin a haife ni. Da hantsi suke zuwa, su kusan ashirin, shi ya sa ko ranar da ba ni da aiki ba na zama cikin gida a wannan lokacin, namiji ba shi da wuri. Wadda ta iya karatunta sai ta wanke allo a rubuta mata na gaba. Ruwan wankin kuwa ayoyi ne a ciki, ba a zubar da shi inda ƙafa ke takawa, balle ya gangara kwata. A babbar roba ake tara shi. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Abin da ban taɓa tambayar kaina ba shi ne inda robar take zuwa bayan an tashi.

Muka yi sallama a ƙofarta, ta fito tana dafa gwiwa. Yaya ya gaishe ta a tsugune, sannan ya tambaya a hankali ko akwai mai shiga ɗakin ajiya.

"Ni ce mana," ta ce, ko gezau. "Makullin ba a wuyana yake ba?"

"Gwaggo, ke kike zuba ruwa a tumatirin nan?" na ce.

"To ina kake so in kai shi, ɗan nan? Lemon da ake zubawa a gindinsa tun zamanin kakarku ka sa an sare. Gida kun malale shi da siminti, ko miyau aka tofar sai ya gangara kwata. Kwana huɗu ruwan nan yana cikin roba a ɗakina na rasa yadda zan yi. Sai na leƙa na ga tsiro, ga ƙasa mai tsarki, ƙafa ba ta takawa, kaza ba ta shiga, har da zif. Na ce alhamdu lillahi, yaron nan ashe ya yi tunani." Ta gyara mayafi. "Na saman ne hannuna bai kai ba. Kullum ina jin tausayinsu."

Kwana goma ina tara faɗa a cikina, ina jiran in ga wanda zan sauke wa, ga shi na samu, kuma babu dama. Wa zai ɗaga murya a kan tsohuwar da take jan roba da ciwon gwiwa don kada aya ta shiga kwata? Haushi ya cika ni, ya rasa hanyar fita.

Yaya ne ya nemo masa hanya. Da Gwaggo ta koma ɗaki ya tambaye ni sau nawa nake ba su ruwa. Na faɗa masa. Ya tambayi wanda ya ce in sa tire marar huji a ƙasa. Na ce dabarata ce. Ya je hawan sama, wanda hannun Gwaggo bai taɓa kaiwa ba, ya ɗaga faranti, shi ma ruwa kwance a ƙarƙashinsa, fari wannan karon, nawa ne ni kaɗai. Ya cire tsiro ɗaya, rabin saiwarsa ta fara ja.

"Kada ka ɗora wa Gwaggo," ya ce. "Ita ta hanzarta ne kawai. Ko babu ita, kai kaɗai ka isa."

Ya ajiye tsiron a gefe. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Muka ceci hawan sama. Ya sa na tsiyaye tirorin, na huda su da ƙusa mai zafi, na bar zif a buɗe, ya ce kada in kuskura in ɗauki buta sai farantin ya yi sauƙi a hannu kuma yatsana ya fito a bushe. Hawa uku na ƙasa kuwa babu abin ceto, faranti goma sha biyu sun tafi.

Na ɗauko bokiti zan kwashe su in watsa a kwatar bayan gida, sai ga Gwaggo a kaina.

"Ina za ka da shi?"

"Zubarwa, Gwaggo. Ruɓa ya yi."

"A kwata? Subhanallahi! Ka manta abin da ke ciki?"

Na tsaya da bokiti a hannu, ƙudaje suna zagaya kaina. Gaskiyarta, kuma na sani. Abin nan mai ɗoyi da ko kusa da shi ba na son zuwa, ba ni da ikon wulaƙanta shi. Dole a kai shi wuri mai tsarki a binne. Haka na tsuguna na riƙa ƙwaƙule ramukan da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, laka mai yauƙi tana shiga ƙarƙashin farcena, ina numfashi ta baki. Ruwan tirorin na ɗura a jarka, ko ɗigo Gwaggo ba ta bari ya taɓa siminti ba, tana tsaye tana nuna min da sanda. Lakar na zuba a buhu biyu na ɗaure a bayan babur. Duk hanyar Kadawa buhunan suna tsiyaya a cikin robar da na tara musu, robar tana fantsama min a baya duk ramin da na faɗa. A wani shingen hanya wani mai sayar da rake ya matso da faranti, ya ja numfashi ɗaya, ya koma ba tare da ya yi tallan ba.

Na haƙa rami a kan tudun gefen gonar Yaya, inda ba hanya ba ce, na juye komai na rufe. Da na miƙe sai na ga gonar. Ya gyara ta tas, kunya a miƙe kamar an ja da igiya, taki ya kwanta, bakin ruwa a share. Babu abin da take jira sai dashen da na binne yanzu. Na wanke hannu a kanal da ƙasa da sabulu har fata ta yi ja, warin bai fita ba. A wurin na gane ba warin ne ya fi damuna ba, kaina nake ƙyama.

Abin da ya tsira a hawan sama kunya shida ya cika, a gonar da ke da kunya fiye da arba'in. Sabon reno kuma zai ci wata guda, kafin nan kowa ya dasa, dashen farko ya wuce. Na ce wa Yaya zan shiga Kano in nemo dashe a wurin masu sayarwa. Ya ce a wannan lokacin wanda ke da mai kyau ba zai sayar ba, in bar shi kawai, in tafi makarantata.

Ranar Laraba aka tashe mu daga makaranta da wuri, na wuce gona kai tsaye. Ban same shi ba. Wata mata da ke cire ciyawa ta nuna min can gaba, bayan kanal. Na bi kan gaɓa da ƙafa.

A renon wani maƙwabci na hango shi, wani da bai fi shekara biyar da fara tumatir ba. Mai renon ya riga ya kwashe na kirki ya dasa. Yaya yana tsugune a cikin ragowar, yana ɗaga sirara masu dogon wuya ɗaya-ɗaya, yana duba saiwa, yana jerawa a kan jiƙaƙƙen buhu. Mai renon yana tsaye a kansa da waya a hannu, yana nuni da ƙafa.

"Ban da wannan gefen, Baba, na yi wa wani alkawari. Daga nan zuwa can dai."

"To, na gode," in ji Yaya. "Allah Ya saka da alheri."

Na so in juya kafin ya gan ni, amma ya riga ya ɗago. Ya dube ni, ya dubi takalmina na makaranta, ya matsa gefe kaɗan.

"Zo ka tsuguna," ya ce. "Akwai reno biyu a gaba da za mu roƙa kafin la'asar."